Yadda Rada Ta Ƙaryata Ni a Kan Dajin Kirya

Ƙarfe uku na rana jirgin ƙasa ya ajiye ni a wani ƙaramin gari a ƙasar Holan, da akwati ɗaya, da jakar goyo, da lambar wayar wani mutum da ban taɓa gani ba. Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da shi tun ina Daura, ya ce ɗan ƙasarmu ne, yana samar wa sababbin ɗalibai masauki. Na tura masa abin da ya nema, shi kuma ya turo mini hoton wani ɗaki mai shuɗin labule. Da na sauka na kira lambar, na ji ta a kashe. Na sake kira har sau bakwai. Daga nan na ja akwatina cikin yayyafi ina tambaya, har na kai adireshin da ya ba ni. Shagon gyaran keke ne. Mai shagon ya dubi takardar, ya dube ni, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce cikin Turanci, ni ne na uku da ya zo masa da wannan takarda a watan nan.

Na isa makarantar da na zo karatu ana shirin tashi. Suka ce ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika, sai bayan wasu makonni. Na fito na zauna a kan wani benci a bakin ƙofa, na rasa inda zan nufa. Takalmina ya jiƙe, sanyi yana shiga ta ƙafata.

Nan wani siririn mutum ya tarar da ni. Baƙi ne kamar ni, da ɗan giciye na itace a zare a wuyansa. Ya tambaye ni ko lafiya, na ba shi labari a taƙaice. Ya ɗauki akwatina ya ɗora a bayan kekensa.

"Sunana Tasfaye, daga Habasha," in ji shi. "Ɗakina ƙarami ne, amma akwai katifar da ba a amfani da ita. Taho, ɗan'uwa."

Mako biyar na yi a ɗakinsa. Ya ja teburinsa zuwa wancan bango don in sami wurin salla. Ya sayo sabuwar tukunya ya ce tawa ce ni kaɗai, don kada in yi ƙyanƙyamin tasa. Ranar da na dama kunu da garin geron da mahaifiyata ta ƙulla mini, ƙamshin ya tuna mini da tsakar gidanmu har hawaye ya zo mini, sai ya yi kamar bai gani ba, ya miƙo kofinsa ya ce in zuba masa ya ɗanɗana.

Sunana Habibu. Mahaifina malamin zaure ne a cikin garin Daura, ya rasu ina jami'a. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, 'yar makiyaya ce daga wata ruga a ƙasar Mai'adua. Ina aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma. Ina sakandare aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kuma na taso ina alfahari da hakan. Da na je ƙasar waje sai alfaharin ya ƙaru. A ɗakin cin abinci ba ni da zance sai na garinmu: yadda ake riƙon amana, yadda ɗan kasuwa ke barin shago a buɗe ya tafi masallaci. Na taɓa zaunar da Tasfaye na yi masa bayanin cewa a wurinmu shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Ba a yi wata biyu ba ɗalibai Musulmi suka sa ni ina jan su sallar Juma'a a wani ɗan ɗaki da makarantar ta ba mu, saboda karatuna ya fi nasu.

Abin da na je koyo shi ne yadda ake gane sauyin fuskar ƙasa daga rani zuwa damina da na'urar rada da ke jikin tauraron ɗan'adam. Yawancin taurarin nan hoto suke ɗauka irin na kyamara, kuma da damina, lokacin da aka fi bukatar ganin gonaki, gajimare ne ke rufe komai. Ita rada ba ta jiran haske. Saƙo take harbowa ƙasa, ya keta gajimare, ya daki abin da ya tarar, ta saurari abin da ya dawo. In ya faɗa kan abu mai santsi, kamar ruwan tabki ko rairayi, sai ya zame ya wuce, wurin ya fito baƙi. In ya faɗa kan gero a tsaye, ko itatuwa, ko gidaje, sai ya dawo da ƙarfi, wurin ya fito da haske. Tauraron yana ratsa samanmu duk bayan 'yan kwanaki. In ka jera abin da ya ji a wuri ɗaya na tsawon shekara, sai ka sami layi mai hawa da sauka, kuma kowace irin ƙasa da irin layinta. Na gona yana kwance da rani, ya hau da damina, ya faɗo gaba ɗaya lokacin girbi. Na dajin kiwo a hankali yake hawa, a hankali yake sauka yayin da ciyawa ke bushewa.

Sai dai kwamfuta ba ta san gero ba, ba ta san ciyawa ba, sai an koya mata. Dole mutum ya je da ƙafarsa, ya tsaya a wuri, ya ɗauki lambar wurin da na'ura, ya ɗauki hoto, ya rubuta: nan gona ce, nan daji ne, nan fadama ce. Da wannan shaidar ake koya mata, da ita kuma ake gwada ko ta yi daidai. Saboda haka tun kafin in taso, malamar da za ta duba aikina, wata dattijuwa mai suna Dakta Ilsa, ta rubuto mini cewa in yi amfani da daminar da nake gida in tattaro wurare ɗari biyu tsakanin Daura, Mai'adua da Mashi.

Sittin na je.

Ina da uzuri iri-iri da na riƙa ba kaina: zirga-zirgar biza, sallamar 'yan'uwa, hanyoyin da ruwa ya ɓata. Gaskiyar ita ce na gaji, kuma na ɗauka na san ƙasar nan kamar yunwar cikina. Wata ranar kasuwar Mai'adua na zauna a rumfar mai shayi, na buɗe taswira a wayata, na riƙa taɓa wurare ina kwafe lambobinsu, ina rubuta abin da na tuna yana wurin. Da na zo kan Dajin Kirya, wani fili mai faɗi kusa da iyaka inda yayan Inna, Kawu Sale, yake yin damina da shanunsa, ko tunani ban yi ba. A can nake hutun makaranta ina yaro. Na zuba wurare arba'in a cikinsa, na rubuta dajin kiwo. Hotuna kuwa, na hau babur na je wani fili a bayan gari, na yi ta juyawa ina ɗaukar ciyawa ta gabas da ta yamma.

Watannin farko komai ya tafi daidai, har na yi suna. Wata rana Dakta Ilsa tana nuna mana hotunan yankinmu a aji, ta ce akwai abin da ya ɗaure mata kai. Wasu ɗigo-ɗigo a cikin gonaki suna ƙara haske da rani, lokacin da komai ke dushewa. Na ɗaga hannu na ce gawo ne. Na bayyana musu cewa shi gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa manoma ke barinsa a gona, shanu kuma ke hutawa a ƙarƙashinsa. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce wa ajin, "Kun ji amfanin mutumin da ya san ƙasa. Na'ura tana ji ne kawai, shi kuwa ya gani." Ranar har gida na yi waya na ba da labari.

Bayan sabuwar shekara aka haɗa hotunan damina gaba ɗaya. Tasfaye, da yake yana shekara ta biyu kuma yana taimaka wa Dakta Ilsa, shi ya tace su ya jera mini. Na shigar da shaiduna, kwamfuta ta yi aikinta. Wurare sittin da na je da ƙafata kusan duk suka yi daidai. Sauran suka fito a hargitse. Mafi muni shi ne Dajin Kirya. Duk wurare arba'in ɗin layinsu iri ɗaya ne: ya hau da damina, ya faɗo tim a watan Oktoba, kamar an sare shi da lauje.

Dakta Ilsa ta kira mu ofishinta, ni da Tasfaye. Ta juyo da allon kwamfutar wajenmu.

"Habibu, wannan layin gona ne," ta ce. "Ka tabbata daji ne a nan?"

Da a lokacin na ce ban tabbata ba, da abin ya zo da sauƙi. Sai na ji bakina yana cewa, "Dakta, da ƙafata na tsaya a wurin. Kawuna a nan yake kiwo."

"To, in haka ne, akwai matsala a wani wuri."

"Wataƙila wajen tace hotunan ne aka yi kuskure," na ce.

Ban dubi Tasfaye ba, amma na ji kujerarsa ta motsa. Ya ce a hankali, "Zai yiwu. Zan sake yi daga farko."

Mako biyu ya yi a kan aikin. Lokacin azuminsu ne, ba ya cin nama, ba ya shan madara, ba ya karyawa sai rana ta yi nisa. Nakan shigo ɗakin kwamfuta da safe in tarar da shi, in tashi da la'asar in bar shi. Nasa aikin kammala karatu ya ajiye gefe. Akwai wata Lahadi da 'yan ƙasarsu suka shirya tafiya coci a wani babban gari, ya daɗe yana zancenta, amma bai je ba. Idan muka haɗu a hanya sai ya yi murmushi ya ce, "Kada ka damu, ɗan'uwa, zan gano inda na ɓata." Ni kuma in ce masa Allah ya taimaka.

Har a lokacin ina da sauran fata. Na ce a raina, ai ko ban je ba, daji yana nan inda na san shi, in na tabbatar da haka ƙaryata ta zama rabin gaskiya. Na kira Inna na ce ta ba ni lambar Kawu Sale. Ta yi mamaki, ta ce, "Yau kuma?" Aka karanto mini lambar, sai na ga ta Nijar ce. Na ɗauka don suna kusa da iyaka ne.

Ya ɗauka a kira na uku. Ina jin kukan maruƙa a bayansa.

"Salamu alaikum. Kawu, Habibu ne."

"Wane Habibu?"

"Na Hajara, Kawu. Na Daura."

"Ikon Allah! Habibu? An ce kana ƙasar Turawa. Lafiya dai? Ba wani abu ya sami Hajara ba ko?"

Na ce kowa lafiya. Muka gaisa, na tambayi iyali da dabbobi. Sannan na ce, "Kawu, bana ma a Dajin Kirya kuka yi damina?"



"Habibu, zolayata kake yi, ko da gaske ba ka sani ba? Damina shida ke nan da aka sa wa Dajin Kirya garma. Ko inda za a ɗaure akuya ba a bari ba. Burtalin da ke zuwa tabki ma an cinye shi. Mun ƙetaro tun a lokacin, muna arewa da Kongolam."

"Su wa suka noma shi?"

"Mutanen gari."

"Su wa, Kawu?"

"Ka tambayi yayanka," in ji shi. Ya ƙara da cewa in gaida Hajara.

Na kira Yaya Mamman, babban wanmu, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu. Bai ɓoye ba, bai kuma ga abin ɓoyewa ba.

"E, an yanka an raba, na karɓi kashi biyu," ya ce. "In ban karɓa ba wani zai karɓa. Kai kana tsammanin 'yar gonar Baba ce ke ciyar da mutum goma sha tara? Geron da Inna ta niƙa maka ka tafi da shi, daga ina ka ɗauka ya fito?"

Na ce, "Amma Yaya, Kawu fa?"

"Kawu na je har rugarsa na faɗa masa da bakina kafin in sa garma. Kai yaushe rabonka da shi?"

Na ƙirga bayan mun ajiye waya. Shekara tara. Daga Daura zuwa inda yake a da, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce a babur.

Akwai wani abu kuma da ya tsaya mini a rai. Kafin in taso, kwamitin sasanta manoma da makiyaya na yankinmu ya kira ni, shugabansu ya sa mini albarka, ya ce idan na gama in kawo musu taswirar, za su riƙa dubawa idan an kawo ƙara. Da ƙaryata ta wuce, da na kai musu takarda mai tambarin makarantar Turawa, tana cewa makiyaya suna da fili mai faɗi a Kirya, ba su da dalilin kuka.

Duk da haka kwana huɗu na yi ban faɗa wa kowa ba. Ina wucewa ta bayan Tasfaye, ina ganin ƙeyarsa a gaban kwamfuta, ina sanin babu abin da zai samu. Ranar Juma'a na je ɗakin salla, aka tayar da iƙama, aka juyo ana dubana. Na kasa matsawa gaba. Na tura wani ɗan Indonesiya, na nuna maƙogwarona na ce mura. A cikin sallar nake tuna cewa wannan ma ƙarya ce.

Ranar Litinin da azahar, mutane sun fita cin abinci, Tasfaye ya kira ni teburinsa. Ya ce ya bi komai sau biyu, bai ga kuskure ba, shi ne ya ce bari ya duba hotunan da na ɗauko ko zai fahimci irin ciyawar. Ya jera guda huɗu da ya buga a takarda. A ƙarƙashin kowanne akwai lambar wurin da na rubuta, wasu tsakaninsu tafiyar kilomita da yawa. A cikin kowanne, can baya, akwai wani gawo mai karyayyen reshe, da jan suri a gindinsa.

Ya ɗora yatsa a kan bishiyar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan'uwa," ya ce, "itatuwan ƙasarku tafiya suke yi?"

Na tsura wa hotunan ido. 

"Ba zan kai wa Dakta Ilsa ba," in ji shi. "Kai za ka kai. Amma yau, domin gobe zan ba ta rahoto, kuma ni ba zan ce na sami kuskuren da ban samu ba."

Na ce, "Tasfaye, ka yafe mini."

Ya tattara takardun ya miƙo mini. Idanunsa sun yi ja saboda kallon allo. Ya ce, "Da ka zo ka ce mini ka yi wauta, da mun zauna mun nemi mafita tare. A ɗakina ka kwana mako biyar. Me ka gani a wurina da ya sa ka zaɓi ka ɗora mini?"



Na hau bene zuwa ofishin Dakta Ilsa. Na tarar tana cin burodi da cuku a kan teburinta. Na ajiye hotunan a gabanta na faɗi komai a tsaye: rumfar mai shayi, filin bayan gari, wayar da na yi da Kawu, da kwana huɗun da na yi shiru. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta nannaɗe sauran burodin a takarda.

"Guda nawa ne ba ka je ba?"

"Ɗari da arba'in."

Ta dubi taga. Sannan ta ce, "Ka san abin da nake rubutawa jiya? Na fara rubuta wa abokan aikina cewa wannan hanyar ba ta aiki a ƙasashe masu ƙarancin ruwa irin taku, mu daina ɓata lokaci a kanta. Na gaskata ka fiye da na'urar, saboda kai ka ce ka tsaya a wurin."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce dole ta kai maganar gaban kwamitin makaranta, kuma za ta faɗa musu cewa da kaina na zo, za ta kuma faɗa musu cewa sai da aka kama ni na zo.

Bayan mako guda na zauna gaban mutum uku. Ba a kore ni ba. Aka rubuta abin a fayil ɗina, aka ƙara mini zango guda, aka ce in koma gida da damina in sake tattara wuraren duka, har da sittin ɗin da na je da gaske, tunda yanzu babu wanda zai iya rarrabewa. Aka kuma kafa sabuwar doka ga dukan ɗalibai, cewa kowane hoto sai ya zo da lambar wuri da lokaci a manne a jikinsa daga na'ura. Ba a ambaci sunana a sanarwar ba, amma makarantar ƙarama ce. A ɗakin cin abinci na koma zama a ƙarshen tebur, kuma ban sake ba kowa labarin garinmu ba.

Tasfaye ya gama karatunsa a makare da 'yan makonni saboda ni. Gaisuwa ba ta yanke tsakaninmu ba, amma ya daina ce mini ɗan'uwa, ya koma kiran sunana. Ranar da zan taho na fito da akwatina, sai ga shi a bakin ƙofa da kekensa. Ya ɗora akwatin ya raka ni tasha. Muna jiran jirgi ya ciro wata 'yar jakar leda mai zik ya ba ni, ya ce in riƙa sa na'urar ɗaukar lambar wuri a ciki saboda ruwan sama, tasa ta taɓa lalacewa a gonakin ƙasarsu. Muka yi musabaha ya juya.

Na iso Daura gero ya kai gwiwa. Unguwa ta ɗauka na kammala ne. Maƙwabta suna shigowa suna barka da arziki, wani tsoho abokin mahaifina har ya riƙe hannuna ya ce na fitar da su kunya. Na riƙa cewa saura kaɗan, aikin fili ne ya dawo da ni. Inna kaɗai na faɗa wa gaskiya, a ɗakinta, tana tsince wake a faifai. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Shi wannan bawan Allah da ya ba ka masauki, ka roƙe shi gafara?"

"Na roƙa, Inna."

"Ya yafe?"

"Bai ce ba."

"To, ka ci gaba da roƙo," ta ce, ta mayar da hankalinta kan waken.

Mako shida na yi ina yawo a babur. Na faɗi a taɓo sau biyu a hanyar Mashi. Na tsaya a gonakin gero da na gyaɗa, da fadamu, da tsofaffin burtalai da suka rage faɗin tabarma. A wurare da yawa abin da na rubuta a rumfar mai shayi ba shi da alaƙa da abin da ke ƙasa. Inda na ce tabki, an cike an yi gidaje. Inda na ce gona, zaizaya ta mayar da ita kwazazzabo.

Dajin Kirya na bar wa ƙarshe. Yaya Mamman ya ce zai raka ni. Muka shiga gero ya fi tsayinmu, ya fitar da kai, gwanin sha'awa. Na nemi kiryoyin da muke hawa muna yara, sai kututturansu nake tuntuɓe da su a tsakanin kunyoyin gero. Yaya yana gaba yana nuna mini iyakarsa, yana faɗin damin da yake sa ran samu, sai ya juyo ya ga fuskata ya bar zancen. Na tsaya a wurare arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya. A kowanne na ɗauki lamba, na ɗauki hoto, na rubuta gona.

Washegari na ƙetara iyaka ta Kongolam. Sai da na yi tambaya a ƙauye uku kafin a nuna mini rugarsu, a wani tudu mai ƙarancin ciyawa. Kawu Sale ya tsufa ƙwarai, gemunsa ya yi fari fat, shanun kuma ba su kai rabin waɗanda na sani ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kama kafaɗuna ya daɗe yana kallona, ya ce na yi kama da Hajara fiye da da. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar wata aduwa, matarsa ta kawo fura da nono a ƙwarya.

Na ba shi labarin duka, ban rage komai ba. Na fito da takardar da layin yake, na nuna masa inda ya hau da inda ya faɗo. Ya riƙe ta nesa da idonsa, ya bi layin da farcensa.

"Wato wannan abin yana can sama, ya san an girbe Kirya a watan kaza?"

"Ya sani, Kawu."

"Kai kuma kana Daura ba ka sani ba."

"Ban sani ba."

Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce in kai wa kwamitin takardar yadda take, ba don yana sa ran a mayar masa da daji ba, sai don kada gobe a ce musu fili yana nan. Ya ce kada in riƙe Mamman a zuciya, shi aƙalla ya zo ya faɗa. Sannan ya dama furar da ludayi, ya turo ƙwaryar gabana.

"Habibu, in tambaye ka mana," ya ce. "Da wannan na'urar ba ta ƙaryata ka ba, yaushe za ka zo?"

Na sunkuyar da kai ina kallon nonon. Ya jira, bai matsa mini ba. Can sai ya ɗauki ludayin ya sa mini a hannu.

"Sha," in ji shi. "Hanya ce ka sha."